Jan Biro a Kan Taswira

An mayar da goron tambayar auren Nazifa ranar Litinin da hantsi, kwana goma sha tara bayan an karɓe shi da fatiha. Na asalin an riga an raba wa dangi sun tauna, don haka sai da mahaifinta, Malam Armaya'u mai hatsi, ya sayo sabo. Ƙanensa Mamman ya ɗaure shi a bayan babur tare da kwalin alawa, ya kai Darini, ya ajiye a zauren su Malam Tayyib. An kawo masa ruwa bai sha ba.

Nazifa na da shekara ashirin da huɗu, tana koyarwa a wata firamare cikin garin Batsari. Tayyib ya girme ta da shekara biyar. Shi ma malami ne, a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye gaba da Runka, can ƙasar Safana, inda gonaki suke ƙarewa daji ya soma. Ƙarshen damina ne, a shekarar da aka rufe layukan waya a yankin saboda ƴan bindiga. Labari ba ya tafiya sai a bakin direbobi da ƴan kabu-kabu, kuma kafin ya iso yakan canza kama.

Babu wanda ya ce Tayyib ya taɓa sata, ko shaye-shaye, ko wasa da salla. Abin da ya raba auren wani littafi ne mai shuɗin bango, irin na ƴan makaranta, shafi tamanin.

Kafin a karɓi goro, Baffa Mamman ya je Darini bincike kamar yadda aka saba. Ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta, ya dawo da yabo. Sai bayan an karɓa ne Salmanu mai a-kori-kura, wanda ke ɗauko wa Malam Armaya'u hatsi daga ƙauyukan Safana, ya tsuguna a bakin rumfa ya ce, "Baba, kun bincika inda aka haife shi. Kun bincika inda yake kwana biyar a mako?"

Salmanu ya nemi Nazifa bara, ta ƙi shi. Kowa ya san haka, Malam Armaya'u ma ya sani. Duk da haka maganar ta tsaya masa a rai. Ranar Asabar ya sake tura ƙanensa, kuma a motar Salmanun ya tafi.

Bayan la'asar Baffa Mamman ya dawo. Nazifa ce ta kai musu ruwa da dafaffen rogo zaure. Ta juya za ta fita, mahaifinta ya ce, "Zauna. Ke ba yarinya ba ce, da kunnenki za ki ji."

Baffa Mamman ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Yaya, a Darini asali na tambaya, na samu asali. A can hali na tambaya, abin da na jiyo bai yi mani daɗi ba."

"Faɗi."

"Sun ce tun zuwanshi yake ƙirga taku. Daga makaranta zuwa rafi, ya rubuta. Daga rafi zuwa bakin daji, ya rubuta. Ya bi tsofaffi gida-gida: wa ya fara sarar garin nan, wa ya gina rijiya, gida nawa ne a da, gida nawa ne yanzu. Wani ya ce da idonshi ya gan shi yana auna inuwar kuka da igiya."

"Inuwa?"

"Inuwa, Yaya. Wai tsawon itacen yake nema. Ni dai ban taɓa jin wanda ya nemi tsawon kuka a ƙasa ba."

Nazifa ta buɗe baki, ta tuna a gaban wa take, ta rufe.

"Sannan yana zuwa ruga wajen wani tsohon makiyayi, su zauna su yi ta hira, wai sunayen taurari yake koya da na ciyayi. Sannan ga yara. Ya koya masu in sun ga walƙiya su yi ƙidaya har su ji tsawa, kowane uku kilomita guda. To ranar da aka shigo garin, wata yarinya ta hango hasken bindiga daga bakin daji, ta ƙirga, ta ce ma ubanta saura kilomita biyu. Uban ya kwashe iyalinshi ya tsira. Amma da gari ya waye mutane suka ce, malamin da ya san nisan bindiga, a ina ya koya?"

"An shiga garin ke nan," in ji Malam Armaya'u.

"Yau kwana tara. Gida biyu. Sun kora shanu, sun tafi da wani dattijo, Malam Jinjiri, har yau ba labari. Aka rufe makaranta, malamai kowa ya koma garinsu. Ƴan sintirin garin suka ce sai an duba ɗakin kowane baƙo. Shekaranjiya suka fasa nashi, suka samu littafi. A tsakiyar littafin akwai taswirar garin, hanya-hanya, rijiya-rijiya, har burtalin da ya shiga daji. Gida bakwai an zagaye su da jan biro."

Ya dakata, ya dubi hularsa.

"Biyun da aka shiga suna cikin bakwai ɗin."

Babu wanda ya taɓa rogon.

"Me suka ce?"

"Sun ce infoma ne. Sun aika mashi Darini ya zo ranar Laraba ya yi bayani. In bai zo ba, su za su zo."

A wannan yanki, a wannan shekara, kalmar infoma, wato mai kai wa ƴan bindiga rahoto, ta wuce zagi. Da yawa daga cikin waɗanda aka kira da ita ba su kai gaban alƙali ba.

Nazifa ba ta yi kuka a zauren ba. Ta ɗauki kwanon ruwa ta shiga gida. Ta san jan biron nan. Yana cikin jakarta, da shi take duba aikin ɗalibai.

Littafin ya samo asali ne daga gasar kacici-kacici ta makarantu da ake shirin yi a Katsina. Tayyib ne ke horar da yaran makarantarsu. Ya taɓa gaya mata, a wannan zauren dai, cewa yaransa sun san Neja da Binuwai a Lakwaja suka haɗu, sun san rijiyar Kusugu a Daura take, amma da ya tambaye su ina rafin bayan makaranta yake zuwa, duk aji aka rasa mai amsa. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya fara tara komai wuri guda: lissafin taku da na inuwa, tarihin rijiyoyi, waƙoƙin niƙa da ɗalibansa mata suka karɓo a bakin kakanninsu, sunayen taurari da Hausa da Fulatanci, da tambayoyi ɗari uku na gasar.

Rubutunsa kuwa kamar kaza ta yi tono. Nazifa ta yi masa dariya har da hawaye, ta karɓi littafin a hutun da ya wuce, ta sake rubuta abin da ba ya karantuwa. Ita ta zana taswirar da rula, daga wani zane da ya yi a bayan takardar jarrabawa. Ita ta ce, "Malam, gidajen tsofaffin da suka ba ka tarihi ya kamata a gane su," ta zagaye su da ja.

A ƙauye, tsohon da ya san tarihi galibi shi ne mai shanu. Wannan bai zo mata a rai ba. Shi ma bai zo masa ba.

Ranar Lahadi da safe ta samu mahaifiyarta, Inna Tasalla, tana tankaɗe a madafa.

"Inna, ni na zana taswirar."

Rariyar ta tsaya.

"Me kika ce?"

"Ni na zana. Jan biron nawa ne. Gidajen masu ba da tarihi ne, wallahi babu wani abu bayan haka. In na je na faɗa masu..."

"Rufe mani baki!" Inna ta dubi katangar maƙwabta, ta rage murya. "Wa kika faɗa ma?"

"Ke kaɗai."

"To ni ma ban ji ba."

Amma ta ji, kuma kafin azahar ta kai wa maigidanta. Malam Armaya'u ya kira Nazifa ɗakinsa, ya sa aka saki labule.

"Na yarda da ke. Yaron nan ba infoma ba ne. Tun jiya da Mamman ya zo kan inuwar kuka na san shirmen masu boko ne. Infoma ba ya auna inuwa."

Ta ɗago kai da sauri. "To Baba..."

"Gobe za a mayar da goro."

"Baba, yanzu ka ce ka yarda!"

"Na yarda. Su ne ba su yarda ba, kuma su ke riƙe da bindiga. Mutanen nan an ɗauke masu dattijo, an kore masu shanu, kwana goma ba su runtsa ba. Ba gaskiya suke nema yanzu ba, wanda za su riƙe suke nema. Ranar da suka gane hannu biyu ne a littafin, za su tambaya na biyun na wane ne. In goronshi na gidana, ba sai sun yi dogon tunani ba."

"In na yi shiru kashe shi za su yi."

"In kika yi magana ku biyu ne. Sannan ni, da nake shiga garin sayen hatsi duk mako, a ce ni ke kai saƙo. Sannan ƙannenki."

A nan ne kukan ya zo. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, tana cewa ita ta jawo, ita ta ce a zagaye gidajen, shi bai ma so a taɓa masa littafi ba. Bai janye ƙafar ba. Bai kuma dafa kanta ba.

"Yi kukanki, ba laifi ba ne," ya ce. "Amma maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Ranar Litinin, lokacin da Baffa Mamman yake hanyar Darini da goro, Nazifa tana aji tana koya wa ƴan aji huɗu jihohi da manyan biranensu. Da baƙin biro ta duba aikinsu. Da aka tashi ta tarar da a-kori-kurar Salmanu a gindin darbejiyar bakin makaranta, shi kuma yana jingine da ƙofa yana sakace.

"Malama, barka da tashi. Ya yara?"

"Lafiya lau."

"Ashe abin da ya faru ke nan. Wallahi ban ji daɗi ba."

"Ga alama."

Ya yi dariya. "Har yanzu bakin nan yana nan. Hau in sauke ki, rana ta yi."

"Ƙafata lafiyarta ƙalau."

Ta wuce. Ya bar motar ya bi ta, yana bar mata tazarar mutum guda saboda idon jama'a.

"Yayana na cikin masu sintirin, kin sani. Ya nuna mani littafin. Ni a aji uku na tsaya, amma ina da ido. Wani rubutun kamar an watsa tsaki, wani kuma tsaf-tsaf, a miƙe kamar kunyar gona. Su ba su lura ba tukuna."

Ba ta rage sauri ba.

"Kin tuna takardar da kika aiko mani bara? Layi huɗu. In yi haƙuri, Allah ya haɗa ni da rabona. Ban yar ba. Tana wajen takardun mota. Duk sanda aka tsayar da ni a hanya na buɗe, sai na ga hannunki."

Ta tsaya.

"Me kake so, Salmanu?"

"Ni? Alheri. Shafi ai takarda ce, ana iya yage shi. Yayana yana jin maganata. Sai dai ba zan je in roƙe shi a kan matar wani ba. In tawa ce, ko yau."

"Shi Malam fa?"

Salmanu ya cire tsinken daga bakinsa, ya dube shi, ya yar.

"Shi kuma ai namiji ne."

Tayyib ya zo ranar Talata bayan la'asar. Tun da aka fara shiga garuruwa aka daina zancen dare, saurayi da rana yake zuwa ya koma da rana. Malam Armaya'u ya fara cewa a ce masa ba ta nan. Daga baya ya ce minti goma, kuma Inna ta tsaya bayan ƙofa.

Yana zaune a inda ya saba zama, da farar rigarsa mai tabon tawada a aljihu. Kullum in ya zo da tambaya yake buɗe hira, ko ta taurari, ko ta sarakuna, ko ta lissafi, in ta ci ya ce ta yi satar amsa. Yau sun gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya yi shiru.

"Yau babu tambaya?" ta ce.

"Akwai. Kin ci abinci?"

"Malam, ka tafi Katsina. Yau ɗin nan. Akwai bas kafin magariba. Daga can ka wuce Kano, ka wuce ko'ina."

"In na tafi na amsa laifin."

"To ka amsa mana! Ka amsa kana numfashi!"

"Sunayen yara goma sha biyu ne a shafin farko, ƴan gasar. Sunan tsohon nan na ruga yana ciki, mutumin da laifinshi kawai ya nuna mani taurarin Kaza da Ƴaƴanta ya faɗa mani yadda suke kiransu da Fulatanci. In ban je ba su za a tambaya. Kin san irin tambayar da za a yi ma makiyayi a garin nan yanzu."

Ta sani.

"Kuma tsohuwata tana Darini. Sun ce za su zo."

"To me za ka ce masu?"

Ya gyara zama. Fuskarsa ta koma irin wadda yake shiga aji da ita, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro.

"Abu ne mai sauƙi. Zan ce a kira dattawa shidan da suka rage, kowa ya faɗi abin da na tambaye shi. Sannan mu fita gindin kuka. In kafa sanda, in auna inuwarta, in auna ta kukar, su ga lissafin da idonsu. Minti ashirin ya isa. Duk wanda aka yi wa bayani a hankali yana ganewa, Nazifa. Shekara shida ina koyarwa, ban taɓa haɗuwa da wanda..."

"Ba aji ba ne!"

Inna ta yi gyaran murya a bayan ƙofa. Nazifa ta sassauta, hawaye na bin gefen hijabinta.

"Ba aji ba ne, Malam. Babu mai ɗaga hannu a can."

Ya sunkuyar da kai.

"Salmanu ya gane hannuna," ta ce, ta gaya masa duk yadda suka yi a hanyar makaranta, ba ta rage komai ba. Yana ji yana murza yatsunsa.

"To ki ji. Littafina ne. Daga bango zuwa bango ni na rubuta. In ina sauri rubutuna ya ɓaci, in na natsu ya yi kyau. Haka zan ce."

"Kai za ka yi ƙarya? Kai da ka hana yaro maki don ya ce Zariya ce babban birnin Kaduna, yana kuka kana cewa gaskiya gaskiya ce?"

Ya yi ɗan murmushi. "Shi kuskure ya yi. Ni da gangan zan yi. Allah ya yafe mani."

"Zan bi ka. Ni zan faɗa da bakina."

"In kika zo, me na je karewa?"

"Ni na zagaye gidajen!"

"Ni na ba ki littafin. Ni ke kwana a garin, ni ke jin harbi, ni ya kamata in san abin da taswira take nufi a wurin mutanen da ake farauta. Ban yi tunani ba. Na ɗauka kowa zai ga abin da na gani." Ya numfasa. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki ba Salmanu amsa kafin Laraba ta wuce. Bayan nan..."

"Bayan nan me?"

"Bayan nan ki yi abin da zai bar ki da rai. Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Goro aka mayar, Malam. Ni ba a mayar da ni ba."

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Malam, lokaci ya yi," in ji Inna daga bayan ƙofa. Da ya miƙe ya kai bakin zaure, ta ƙara da wata murya daban, "Allah ya tsare, ɗana."

Sahabi ɗan kabu-kabu ne ya kai shi ranar Laraba. Magidanci ne mai ƴaƴa shida, maƙwabcin su Nazifa, ya fi shekara goma yana bin hanyar. Ya ɗauko shi a Darini ƙarfe bakwai na safe. Ƙarfe huɗu na yamma ya tsaya a ƙofar Malam Armaya'u shi kaɗai. Nazifa tana bayan ƙofar zaure, a inda Inna ta tsaya jiya.

"Mun isa ƙarfe tara," in ji Sahabi. "A makarantar suka taru, sun fi talatin. Ya yi sallama, wasu sun amsa. Ya ce a kira dattawa, aka kira, uku suka zo. Biyu suka ce gaskiya ne, tarihi ya tambaye su. Na ukun ya ce shi bai tuna ba. Ya roƙi a fita gindin kuka. Ba a fita ba."

"Sun taɓa shi?" in ji Malam Armaya'u.

"Ina wurin dai a'a. Sai wani ya kawo takarda da biro, ya ce tunda duk kai ka rubuta, zauna ka sake zana mana taswirar nan, ka sa sunayen yadda suke. Ya zauna a bencin yara. Sau uku ya zana, Malam. Ni ban iya karatu ba, amma ko ni na ga ba ɗaya ba ne."

"Wa ya kawo takardar?"

Sahabi ya dubi titi kafin ya amsa. "Yayan Salmanu."

"Sai aka yi yaya?"

"Suka ce to na wane ne. Ya ce nashi ne. Suka sake tambaya, ya ce nashi ne. Daga nan suka ce in kama hanya, za su riƙe shi har ya tuna. Ina tada babur suna rufe ajin."

"Ya ba ka saƙo?"

"Ya ce in ce maka ya gode da karamci. Kuma kada kowa ya zo."

Ranar Alhamis labari uku ya iso Batsari. Wani direba ya ce yana nan cikin ajin, har an kai masa tuwo. Wani ya ce an fita da shi bayan gari. Na uku da aka tambaye shi ya ce shi kaya ya ɗauko, bai ga komai ba. Dangin Tayyib sun ce za su kai magana wajen hukuma a Safana, amma suna neman wanda zai tsaya ya ce ya san abin da ke cikin littafin, kuma ba su samu ba.

Da la'asar kawun Salmanu ya zo da wasu dattawa biyu. Bayan doguwar gaisuwa, ta gida da ta gona da ta zaman haƙuri, ya ce ɗansu yana nan a kan bakansa, kuma in an ba shi, akwai abubuwan da za su zo da sauƙi ga kowa. Malam Armaya'u ya ce a ba shi zuwa Lahadi.

Sai aka ji muryar Nazifa daga bayan ƙofa, abin da ba a taɓa yi ba a zauren nan.

"Kawu, yana raye?"

Dattawan suka dubi juna. Kawun Salmanu ya yi kamar bai ji ba, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Ranar Juma'a da safe Nazifa ta yi shirin makaranta. Ta gaida Baba, ta gaida Inna, ta sha koko rabin kofi. A jakarta ta sa littafin tsara darasinta, wanda kowane shafinsa rubutunta ne, da sunanta a bango da sa hannun shugaban makaranta. Da ta kai kwanar masallaci ba ta juya dama zuwa makaranta ba. Ta tarar da Sahabi yana ɗaura wa babur jarkar mai.

"Malama, babanki ya sani?"

"A'a."

"To ba ni ba."

"Kai ka baro shi, Baba Sahabi."

Ya ci gaba da ɗaurin kamar bai ji ba. Ya ja igiyar sau biyu, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Idanunsa jajaye ne, irin na wanda bai yi barci ba.

"Ina za mu?" ya ce daga ƙarshe, ba tare da ya dube ta ba. "Safana wajen hukuma, ko can?"

"Mu je dai. In mun kai mararraba zan faɗa maka."

Ƙarfe goma shugaban makaranta ya zo gida da kansa yana tambaya ko Malama ba ta da lafiya. Wani direban bas da ya biyo ta Runka ya ce ya yi kiciɓis da babur ɗin Sahabi da mace a baya, daf da inda hanyar ƙauyen ta rabu da ta Safana. Bai lura da wadda suka bi ba.

Har aka sauko daga masallacin Juma'a Sahabi bai dawo ba, kuma tun ranar Laraba babu wanda ya ce ya ga Malam Tayyib da idonsa.